Bokitan da Aka Buɗe Mini a Karmo

Rukayya, ajiye wayar nan, ba za a ɗauke ni bidiyo ba. Ku ma ƙawayenta ku kife naku a kan tabarma. Kin shigo kina ce mini, "Inna Talatu, abin ba wuya, mun gani a waya, kabeji ne da gishiri da kwalba." Sannu da ƙoƙari. Yarinyar da kuka kalla ta yanka rabin kabeji, ta barbaɗa gishiri, ta yi wa kyamara murmushi, ta nuna muku ranar da ta rufe kwalbar. Ta nuna muku ranar da ta buɗe? Ni yayar uwarki ce, ina tsima kayan lambu ina sayarwa tun kafin a yaye ki, amma har yau in zan ɗaga murfi sai na yi bisimilla gabana na faɗuwa. Ku kuwa ko wuƙa ba ku wasa ba, har kun zaɓi sunan kamfani.

Miƙo mini kwalbar da kika sayo. Kyakkyawa ce kam, murfin katako, ga igiya an ɗaura mata a wuya kamar akuyar sallah. Cika ta da ruwa, ki rufe, ki kife ta a kan wannan busasshen tsumman. Kin ga ya jiƙe? To, inda ruwa ya sami hanyar fita, nan iska za ta sami hanyar shiga, kuma iska ce ke mayar da tsami ruɓa. Wannan ki kai ta falo ki zuba mata alawa. Amma kar ku ɗauka murfi ne kaɗai abin dubawa. Ni na taɓa samun mazubi da murfinsa ba shi da na biyu, shi ne kuma ya ci mini suna. A Karmo har yau akwai matan da in na wuce sai sun ja 'ya'yansu gefe. Za mu zo wurin, ku dai bar ni in fara daga farko.

Aikina na farko a garin nan wankin kwalabe ne. Malam Idi, mijina, yana gadi a gidan wata baturiya a Life Camp, aka ɗauke ni in riƙa taimaka wa kukunta, wani dattijo mutumin Filato da ake kira Baba Bitrus. Matar nan ba ta cin abinci sai da kabeji mai tsami a gefen faranti, kuma shi ke yi mata. Damina guda cur bai bar ni na taɓa kabeji ba, kwalba kawai nake wankewa. In na wanke, na ɗauraye da tafasasshen ruwa, na kife ta bushe, sai ya rufe ta ba komai a ciki ya ajiye a rana. Can anjima ya buɗe ya cusa hancinsa. In ya ji ƙanshin sabulu ko na man da ya taɓa zama a ciki, ba ya faɗa, turo mini ita kawai yake yi da ɗan yatsa. Ba ya bambanta mace da namiji a Hausarsa, kowa "kai" ne. Yakan ce, "Kai Talatu, kwalba yana da tunani. Abin da ya ci jiya yana nan a cikinsa." Na sha zaginsa a zuciyata, amma yau da hancinsa nake sayen kowane mazubi.

Ni 'yar mai daddawa ce, a Zariya aka haife ni cikin warin kalwa, don haka na zo da tunanin na san tsimi. Baba Bitrus ya raba ni da wannan tun da wuri. Daddawa tana son ɗumi, tana son a lulluɓe ta da ganye da buhu ta riƙa numfashi. Kabeji kuwa sanyi yake so, kuma yana so ya nutse cikin ruwan gishirinsa, ko ganye ɗaya kar ya leƙo sama. Wata Hajiya a Gwarimpa ta taɓa sa na koya mata, na tafi na bar ta da kwalba uku lafiya lau. Da na dawo sai na tarar ta naɗe su da bargo ta ajiye kusa da murhu, wai haka kakarta ke yi wa daddawa. Da muka buɗe, mai aikinta sai da ta fita waje ta yi amai. Hajiyar ta dube ni ta ce ko dai hannuna ne ba shi da kyau.

Ga yadda aikin yake, tunda kun ce kun sani. Ki yanka kabeji siriri, ki zuba gishirin buhu mai tsakuwa-tsakuwa, ki murza da hannu har sai ya saki ruwansa. Ki ɗanɗana, ya zama kamar miyar da gishiri ya ɗan zarce, irin wadda miji zai yi magana amma ba zai ture kwano ba. Karas da yalo da kokwamba da attarugu ba sa ba da ruwa sosai, su sai an haɗa musu ruwan gishiri daban, kuma ruwan a tafasa shi ya huce, don ban san inda mai ruwa ya ɗebo ba, ke ma ba ki sani ba. Ki danna kayan a mazubi da ƙarfi, ki bar fili a sama kamar faɗin yatsu uku, don abin yana tasowa. Sai ki ɗora nauyi. Ni duwatsun rafi nake sawa, masu santsi, na dafa su kamar zan ci. In babu, ki ƙulla ruwan gishiri a leda ki ɗora. In kin ga farin yaɗi siriri a sama, ki kwashe a hankali. In kin ga fumfuna mai gashi, baƙa ko koriya ko ja, kar ki tsaya kwashewa, ki zubar duka, ko da kuwa kuka za ki yi.

Sai maganar murfi, inda masu bidiyo ke yin shiru. Abin nan da ke cikin kwalba yana da rai, yana fitar da iskarsa. Kina son tasa ta fita, ta waje kuma kar ta shiga. In murfin ƙarfe ne irin na kwalbar mayonis, gishiri da tsami za su cinye shi da tsatsa, sai kin shimfiɗa leda mai kauri kafin ki murɗa. Kuma a kwanakin farko kullum sai kin ɗan sassauta shi ya yi tsaki, ki mayar nan take, ba buɗewa za ki yi ki leƙa ba. Wani saurayi ma'aikacin banki ya sayi kwalba a wurina da ba ta gama ba, na ce masa ya riƙa sassautawa. Ya ce ai shi ya karanta cewa a rufe gam. Ya murɗe da ƙarfinsa na ɗan motsa jiki, ya bar ta a but ɗin mota cikin zafin ranar Abuja. Da ya dawo yana nuna mini hoton motar, tambayarsa kawai na yi ko takardar da ya karanta ta faɗi yadda ake wanke kujera.

Da baturiyar ta koma ƙasarsu, Baba Bitrus ya tafi gida, Malam Idi ya kama tuƙin babbar mota zuwa Legas, muka kama ɗaki a Karmo, a gidan hayar wani Alhaji Mamman. Nan na fara yi don kaina. Da farko 'yan kwalabe ne nake kai wa kukun gidajen Turawa da na sani. Daga nan wata Madam mai gidan abinci a Wuse ta ɗanɗana, ta aiko a kira ni. Inyamura ce, Hausarta ta kasuwa. Ta ce, "Mama, wannan abu naka yana da kyau. Kawo mini plenti, kowane wata." Baƙin ƙasashen waje ne ke cin abinci a wurinta, kuma su suna cinsa kamar yadda muke cin yaji. Ita ce ta zama uwar cinikina, sauran duk ƙari ne. To plenti ba ya shiga kwalbar mayonis, dole na nemi manyan mazubai.

Neman bokiti a kasuwar Karmo aiki ne na mai hanci. Masu sayar da tsofaffin robobi kowannensu zai rantse miki cewa bokitinsa madara ce ta zauna a ciki. Ki shinshina ki ji fenti. Roba ta fi kwalba riƙo, abin da ta sha ba ta saki, ko fenti ne, ko kananzir, ko maganin feshi, ko sabulun ruwa. Mutanen garin nan kuwa bokitin fenti shi ne komai nasu, da shi ake awon gari, a cikinsa ake jiƙa kamu. Wanda ya tsima abu mai tsami a cikinsa ya ba mutane, Allah ya isa tsakaninsa da su. Ni farare nake nema, irin waɗanda bota ke zuwa a ciki gidajen burodi, masu murfin da ke kamawa ƙas, da zoben roba a cikin leɓensa. Ba a samunsu da yawa, don masu burodin ma suna so. Ɗaya-ɗaya na tara su cikin shekaru, wani na bi shi har Kuje, har suka kai goma. Kowanne sai na yi ta wanke shi da ruwan zafi da toka har maiƙon ya bar shi. Irin wannan murfi ba a sa masa wuƙa. Da yatsu ake bin gefensa, kaɗan-kaɗan, ana zagayawa har ya saki da kansa. In leɓen ya tsage ko da kamar farce ne, bokitin ya koma na wanki.

Sassauta murfin bokiti goma kullum ba zai yiwu ba, sai na tuna dabarar da Baba Bitrus ya taɓa kwatanta mini. Na sayi siririn tiyon nan mai haske da magina ke awo da shi, sabo. Na huda kowane murfi da ƙusa mai zafi, na zura tiyo, na toshe gefen da kakin kyandir, ɗaya bakin kuma na tsoma shi a kwalbar ruwa. Iskar ciki ta bi tiyo ta fita ta cikin ruwan tana ɓul-ɓul, ta waje kuwa ba ta da hanya. Na jera su a ɗan lungun da ke bayan ɗakina, kan jiƙaƙƙen yashi kamar yadda ake yi wa randa. Wallahi ban taɓa yin tsimi mai kyau kamar na wannan lokacin ba. Kabeji ya fito garas-garas, ruwansa fes. Ina alfahari da lungun nan, in na gaji nakan zauna in saurari ƙararsa.

Shekarar da abin ya faru, zafi ya yi tsanani kafin saukar ruwa. Madam ta ba ni oda mafi girma da na taɓa samu, wani taro za a yi a wurinta na baƙi masu yawa. Na cika bokitan goma duka, kabeji da karas da kokwamba, na sa duk abin da na mallaka a ciki. Malam Idi yana hanya. Tsimin ya kai tsakiya, lokacin da ya fi kumfa ya fi wari, lokacin da ko ni ba na taɓa murfi. Sai maƙwabciyata Maman Sadik, wadda ɗakinta ke kallon nawa, ta bi kazarta har cikin lungun. Ta ga fararen bokitai a rufe, ta ga tiyo, ta ga kwalabe suna ɓul-ɓul, ta ji tsami. Ita kuwa ta taɓa zama a bayan wani bariki, ta ga yadda masu dafa giyar ogogoro ke haɗa tiyo da durom. Ba ta tambaye ni ba. Matar da nake ba wa gishiri da ashana, da 'ya'yanta ke cin tuwo a ɗakina, ta ɗauki kazarta ta wuce ni a tsakar gida ta ce mini sannu da aiki.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Alhaji Mamman ne, da limamin masallacin layinmu a bayansa, matan gida kuma kowacce ta sami abin yi a bakin ƙofarta. Alhaji bai zauna ba. Ya ce, "Talatu, an ce kina dafa giya a gidana."

Na ce, "Alhaji, wa ya ce?"

Ya ce, "Ba wannan na zo ji ba. Ko ki buɗe mu gani, ko ki kwashe kayanki yau, kuma kowa ya san dalili."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na yi masa bayani, na ce kabeji ne da gishiri, abincin Turawa ne, ga kwalbar da ta gama a ɗaki a ɗanɗana. Ya ce ba ta ɗaki yake tambaya ba. Na ce to a buɗe guda ɗaya. Maman Sadik daga bakin ƙofarta ta ce, "Ai wanda za ta nuna shi ne na nunawa." Na roƙi a ba ni 'yan kwanaki abin ya nuna, in buɗe duka a gabansu in zuba wa kowa a kwano. Alhaji ya ce wato in sami lokacin sauyawa. Liman mutumin kirki ne, ya ce, "Malama, in babu komai, buɗewar ita ce za ta wanke ki." Shi a ganinsa ɗaga murfi ne kawai, kamar a leƙa tukunyar miya.

To ku da kuka ce abin ba wuya, ku gaya mini abin da za ku yi. Ga odar Madam da jarina duka a gefe guda, ga sunana da na mijina da ba ya gari a ɗaya gefen. Na zaɓi suna. Na durƙusa na fara bin leɓen murfin farko da yatsu. Alhaji ya ga ina ɓata masa lokaci, ko kuma ya ɗauka wata dabara ce, sai ya zaro wuƙarsa ta aljihu ya ce in matsa. Ina cewa, "Alhaji, a hankali, zai tsage," yana ɓanɓarewa. Ƙarar tsagewar murafun nan har yau tana kunnena. Shekarun da na yi ina tara su, kafin a kira azahar ya gama da su.

Da suka ga kabeji a sama, sai aka ce ai giyar a ƙasa take. Aka ciro duwatsuna aka ajiye a ƙasa inda kaji ke kashi. Maman Sadik ta kawo muciyarta, da guntun tuwo da manja a jikinta, Alhaji ya bi bokitan ɗaya bayan ɗaya yana juyawa har gindi. Wanda ya juya sai ya bar shi a buɗe ya wuce na gaba, ga rana, ga ƙuda sun samu biki. Liman ya sa ludayi ya kurɓi ruwan, ya yamutsa fuska, ya ɗan jira, ya sake kurɓa daga wani bokitin. Sannan ya juya ya ce da ƙarfi yadda duk matan za su ji, "Wannan ba giya ba ce, ba ta bugarwa. Ganye ne da gishiri. An zalunci baiwar Allah." Alhaji ya goge wuƙarsa a gefen riga ya ce, "To, a yi haƙuri, ai gara da aka duba." Maman Sadik ta ce ita dai abin da ta gani ta faɗa, ta karɓi muciyarta ta shige ɗaki. Haƙurin da aka ba ni ke nan gaba ɗaya.

Na yi ƙoƙarin ceto abin, don mutum ba ya sakin dukiyarsa haka nan. Na dafa duwatsun na mayar, na ƙara ruwan gishiri, na rufe bakin kowane bokiti da leda na ɗaure da robar taya. Banza. Cikin wannan zafin, da manja a ciki, da murfin da ba ya kamawa, ba a jima ba fumfuna ta rufe su, baƙa da koriya, kabejin ya yi yauƙi kamar kuɓewa. Wata ta ba ni shawara in kwashe saman in kai wa Madam na ƙasa, wai Turawa ba za su gane ba tunda dama ruɓaɓɓen abu suke ci. Na ƙi. Na kira Madam na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Mama, ka kashe ni." Ta nemi wani ya kawo mata daga wani wuri, kuma ba ta sake kirana ba. Ban ga laifinta ba, ita ma da mutane take hulɗa.

Saura zubarwa. Gidan haya a Karmo ba shi da wurin da za a juye ruɓaɓɓen bokiti goma, sai babbar kwatar bakin titi. Na yi tunanin in na fita da su a ɓoye za a ce ɓoyewa nake yi, don haka na kira mai baro da rana tsaka, na bi shi a baya kaina a sama. Bakin kwatar nan kuwa nan ne masu shayi da 'yan acaɓa da masu faci ke zama. Ba ko ɗayansu da ke cikin gida ranar da liman ya ɗanɗana. Abin da suka sani shi ne an ga mai gida da liman sun shiga wurin Talatu, yau kuma ga Talatu tana tuttular da bokitai masu huda a murfi, wari ya cika layi. Ina juye na uku na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Ka gani, an kama ta, an sa ta zubar." Na ɗago in yi magana, na ga fuskoki sun fi ƙarfin bakina. Na ci gaba da juyewa.

Liman, Allah ya saka masa, har a masallaci ya yi magana, ya ce a daina cin naman matar mutane. Sai waɗanda ba su ji labarin ba ma suka fara tambayar wace mata ce. Malam Idi ya dawo ya yi faɗa da Alhaji, aka ce ai dole ya kare ta, shi ke kai mata kayan zuwa Legas. Ba wanda ya taɓa zagina ido da ido, da ma an yi da na rama. Abin da ya kore ni daga Karmo ƙaramin abu ne. Aka yi suna a gidan da ke kusa da mu, na je aiki kamar yadda na saba, don duk layin an san ni da iya miyar taro. Na ɗauki ludayi zan juya tukunya, sai uwar mai jegon ta zo da fara'arta ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "Haba Talatu, ki huta mana, yara za su yi." Na zauna a kan tabarma. Ina kallo ta miƙa wa wata ludayin ta ce a ɗauraye kafin a mayar da shi cikin miya. Kafin watan ya ƙare mun dawo nan Dutsen Alhaji.

Yanzu ku dubi kantar can. Kun ga roba ko ɗaya? Kwalabe ne zalla, manya masu faɗin baki, da zoben roba da maƙalin ƙarfe da ke danne murfi, irin waɗanda in iskar ciki ta yi yawa take ture zoben ta fita da kanta. Sun fi tsada, sun fi nauyi, suna fashewa, kuma abin da bokiti ɗaya ke ɗauka sai na wanke kwalba nawa. Babbar oda kuwa na daina karɓa, ba ni da wurin zuba ta. Bokitin bota ya fi su aiki nesa ba kusa ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma ba a ganin cikinsa. Kwalba kuwa duk munafukar da ta biyo kazarta za ta ga karas ɗinta ja, kabeji fari, ta koma ba tare da an taɓa mini murfi ba. Tsumma nake yafa musu saboda haske, kuma da na ji sallama nake yaye shi. Tiyo kuwa ko na ban ruwan fulawa ba ya kwana a gidan nan.

Rukayya, kina ta kallon ƙasa. Ɗakin da kuke haya a Kuje, ku nawa ne a gidan? Gida takwas, da kicin ɗaya. To mai gidan ya san abin da za ki riƙa ajiyewa a bayan ƙofa yana kumfa yana tsami? Matar da ɗakinta ke kallon naki fa? Kin ce ba ruwansu. Ni ma haka na ce.

Ungo wannan kwalbar, na gwada murfinta da kaina, ba ta ɗiga. Ga kuma wannan ƙaramar da ta nuna. Kar ki sayi kabeji tukuna. Ki fara zuba wannan a faranti ki bi gidan ɗaki-ɗaki, kowa ya ɗanɗana ya yamutsa fuska ya yi miki dariya, har mai gidan da matarsa. Sannan ki nuna musu babbar kwalbar ba komai a ciki, ki ce ga inda zai riƙa zama. In kin gama wannan ki dawo in koya miki yanka. Ku kuma ku ɗauki wayoyinku, ku tafi da mai igiyar nan, alawa tana jiranta.